Ranar Da Na Kira Babarbarena Bawa Da Sifaniyanci

Idan na ce muku ni ɗin nan, direban da ya bar firamare ta taga, na taɓa zama a aji a tsakiyar birnin Riyad ina karatun Sifaniyanci har na zo na ɗaya, na san wasu za su ce mutumin ya fara. To ku ƙaryata mana. Waɗanda suka ƙaryata ni kafin ku sun cika filin idi. Amma ga wanda zai fi muku wuyar haɗiya: da jimla uku kacal na yaren nan na raba wani dattijo da aikinsa, na sa shi a jirgi, na mayar da shi gida. Ban zage shi ba, ban kai ƙararsa ba. Wasa na yi. Kuma wannan wasa, ko ranar da za a ɗora ni a makara yana nan tsaye a maƙogwarona.

A shekarun nan ne da aka farfasa titunan Riyad ana haƙa hanyar jirgin ƙasa. Gari ya koma kamar gonar gyaɗar da gafiya ta kwana a ciki: nan rami, can shinge, hanyar da ka bi da safe ka dawo da yamma ka tarar ta yi hijira. Ni ina tuƙa wani injiniya, Baturen Sifen, a kamfanin da ke wani ɓangare na aikin. Muna zaune a unguwar Manfuha, mu shida a ɗaki biyu, duk 'yan gida. Idan mutum ya yi atishawa a ɗaki ɗaya, na ɗayan ɗakin ne ke goge fuska.

A cikinmu akwai wani Babarbare, mutumin Borno, ya haura hamsin, mai ɗaurin rodi. Baƙi, dogo, mai tsage a fuska, ba ya son hayaniya. Ni kuwa Bafulatani ne na suna. Fillancina bai wuce gaisuwa ba, saniya kuma sai a cikin miya muke haɗuwa. Amma kun san jini: ko Bafulatanin da bai san hanyar ruga ba, idan ya hango Babarbare sai bakinsa ya fara ƙaiƙayi. Tun ranar da na ajiye jakata a gidan na ce masa, "Alhamdu lillahi, ashe an tanadar mini bawa." Bai ko ɗago daga ɗinkin safar hannunsa ba ya ce, "Sannu da zuwa, ubangidan da ya zo da jaka ɗaya, ita ma zif ɗinta ya mutu."

Haka muka yi shekara shida. Kuma bari in faɗi gaskiya yau, tunda ba ya nan: ban taɓa cin sa ba. Ko sau ɗaya. Ni mai yawan magana ne, shi mai maganar da ke zama. Zan yi ta zuba kamar famfon masallaci, shi sai ya bari na gaji, ya jefo guda ɗaya, ɗaki ya kife da dariya, ni in koma ina sosa ƙeya. Wata rana na ce masa kakana ne ya sayi kakansa da ƙwaryar nono. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa ya ce, "Ɗan Fulani, da gidanku an taɓa ganin ƙwarya cike da nono, da ba ka fito kamar eriyar mota ba." Wata uku ana kirana Eriya a Manfuha. Har mai baƙala, wato kantin ƙasan gidanmu, ɗan Bangaladash da bai san tushen zancen ba, sai ya ce, "Eriya, kaif hal?"

To, abin da ya kai mu makaranta shi ne gwiwa. Gwiwoyin Babarbare sun gaji da durƙuso a kan rodi cikin ranar da ke soya ƙwai a kan bonet. Idan ya yi sujada sai ya dafa bango zai miƙe. Ga shi ɗan kwangilar da yake ƙarƙashinsa ya fara cewa ba zai sabunta iƙamar tsofaffi ba, wato takardar izinin zama a ƙasar. Wanda ya zauna a can ya san ma'anar wannan: iƙama ta ƙare, kai ma ka ƙare, sai jirgi. Yana da 'ya'ya biyar a gida, babbar tana karatun aikin jinya, kuma duk gidan a kan gwiwoyin nan yake tsaye.

Maigidana injiniya yana son aikin Babarbare. Shi ne ya ce ana neman mutum a sito, wanda ya san ƙarfe, kuma yake jin ɗan Sifaniyancin da zai fahimci Turawan aikin idan sun aiko neman kaya. Inuwa, kujera, na'urar sanyi, kuma kamfani zai karɓi iƙamarsa. Sharaɗi ɗaya: kamfani zai tura 'yan ma'aikata wata makarantar koyon harsuna duk Asabar da hantsi har wata shida, a ƙarshe a yi jarrabawar baki. Wanda ya ci, sito nasa. Ni kuma maigida ya ce in shiga, wai ya gaji da yi mini kwatance da hannu kamar mai kiran kaji. Ni dai sanyi da gahawar kyauta suka kai ni, ba na ɓoyewa.

Makarantar tana hawa na bakwai a wani dogon gini mai gilashi. Mu goma sha biyu ne a aji, duk maza: samarin Saudiyya da ke son su ji abin da masu sharhin ƙwallo ke ihu a kai, wani Bamisire mai sayar da magani, 'yan Filifin biyu daga kamfaninmu, sai mu. Malaminmu wani Bature ne mai farin gemu, mai haƙurin raƙumi. Dokarsa guda ce: da zarar ka tsallaka ƙofar aji, ka bar Larabci da Turanci da yarenku a waje tare da takalman tunaninka. Sifaniyanci kawai.

Ni abin bai ba ni wuya ba. Kunnen direba ne da ni. Shekara biyu ina jin maigida yana faɗa da matarsa a waya a bayan mota, rabin yaren tuni ya shiga, musamman rabin da ba a faɗa a gaban surukai. Kafin wata biyu na zama ɗan wasan aji. In na buɗe baki samarin nan har gyara zama suke yi. Malam ya tambayi sana'ata na ce ni ministan tituna ne. Ya tambayi 'ya'yana nawa na ce ban gama ƙirga ba.

Babarbare kuwa wahala ya sha. Harshensa ya ƙi lanƙwasuwa. Sai ya koma wa abin da ya sani: hadda. Ya riƙa yago takardar buhun siminti a wurin aiki, ya karkaɗe ta, ya rubuta Sifaniyanci da ajami, da wasali da komai. Bayan sallar asuba za ka gan shi a bakin katifa yana rangaji yana maimaitawa kamar mai tilawa. Wallahi da wani zai leƙo zai ce dattijo na neman saukar Alƙur'ani ne, alhali cewa yake yi, "Ina banɗaki yake? Banɗaki yana hannun dama." Mun yi dariya har muka gaji, shi bai gaji ba. Kuma yana ci gaba. A hankali, kamar tafiyar hawainiya, amma yana ci gaba.

Jarrabawar bibbiyu ake yi. Ka tsaya da abokinka a gaban aji, ka gabatar da shi da jimla goma: wane ne, daga ina, me yake yi. In ka gama Malam ya juya ya tambaye shi, "Abin da ya faɗa gaskiya ne?" ya ce, "E, gaskiya ne," sannan shi ma ya gabatar da kai. Babarbare ni ya zaɓa. Ya ce in yana kallon fuskar da ya sani gabansa ba zai faɗi ba. Wata guda muna bita. Na haddace jimlolinsa goma kamar nawa: direba ne, yana da mata ɗaya, yana son shayi, yana da surutu. Ta goman ita ce, "Shi ɗan'uwana ne." Na ce masa, "Bawa, yaushe aka 'yanta ka har muka zama 'yan'uwa?" Ya ce, "Jimlar ce mai sauƙi, kada kanka ya kumbura."

Ranar Juma'a, jajibirin jarrabawa, mun dawo masallaci muna cin shinkafar kabsa a faranti ɗaya, sai ya tsame hannunsa ya dube ni. Ba irin kallon da na saba ba.

"Ɗan Fulani, alfarma ɗaya nake roƙo. Gobe ka bar wasa a gida. Awa ɗaya kawai. In mun fito ka yi ta yi har Mahadi ya bayyana."

Na ce, "Haba dattijo, ni yaro ne? Wallahi ko tari ba zan yi ba."

Na rantse. Ku riƙe wannan. Abin da bai sani ba, tun sati biyu kafin nan na duba waya na nemo yadda ake cewa bawa da Sifaniyanci, na nemo ƙwarya, na nemo nono. Ban yi niyyar faɗa a jarrabawa ba, Allah shi ne shaida. Na dai ajiye su a aljihun zuciya kamar goro, ina jiran ranar daɗi. Amma mai goro a aljihu ba ya daɗewa bai ɓantara ba.

Asabar ta zo. Babarbare ya sa farar shaddarsa ta sallah da hularsa ta Borno, ya fesa turare har lif ɗin ginin ya ɗauka. A bayan aji ga wani mutum daga ofishin ma'aikatan kamfani, da tabarau da littafi a cinya; shi zai rubuta wanda za a ba sito. Aka kira mu. Malam ya ce ni zan fara.

Na fara lafiya lau. Sunansa kaza. Daga Najeriya yake. Yana da 'ya'ya biyar. Yana aikin ƙarfe. Mutumin kirki ne. Jimla bakwai suka tafi sumul. Sai na lura samarin nan sun zuba mini ido suna murmushi, suna jiran abin da aka saba. Na waiga na ga Babarbare: hannuwa a baya kamar ɗan aji ɗaya, leɓɓansa na motsi, yana ta bitar nasa a zuci. Mutumin da ya shekara shida yana shimfiɗe ni, ga shi tsaye ba sanda ba garkuwa. Sai wani abu ya raɗa mini a kunne: yau ce ranarka, Eriya.

Na gyara murya, na dafa kafaɗarsa, na ce da Sifaniyanci mai kyau, wanda ko Malam ba zai gyara ba:

"Shi bawana ne. Kakana ne ya sayi kakansa da ƙwaryar nono. Ni na kawo shi ƙasar nan, kuma abin da na ce shi yake yi."

Na tsaya ina jiran dariya.

Jama'a, na taɓa jin shiru a rayuwata, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Har ƙarar na'urar sanyi sai da ta zama kamar jirgi. Murmushin samarin ya bushe. Ɗaya daga cikin 'yan Filifin ya sunkuyar da kai. Ni na manta inda nake. Na manta cewa a garin nan akwai mutanen da da gaske wani ne ya kawo su, ya riƙe musu fasfo, abin da ya ce shi suke yi. A Manfuha maganar nan gishirin hira ce. A hawa na bakwai, a gaban mutanen da ba su taɓa jin Fulani ko Barebari ba, magana ce kawai, kuma mummuna.

Na juya ga Babarbare, don shi ne zai cece ni. Ai haka wasan yake: na jefa, ya rama, a yi dariya, kowa ya gane. Kuma ya gane abin da na faɗa, ya ji kaka, ya ji nono, ya ga fuskata. Na ga ramuwar ta taso masa, wallahi na gan ta a idonsa, mai zafi, irin wadda za ta sa a canja mini suna na wata shida. Bakinsa ya buɗe. Amma da Hausa ta zo, kuma Hausa tana waje. Ya laluba cikin takardun simintinsa kaf: akwai banɗaki, akwai farashin tumatir, akwai ranakun mako. Babu inda aka rubuta yadda ake mayar wa Bafulatani magana.

Malam ya cire tabarau. A hankali, da muryar da ake yi wa marar lafiya magana, ya ce masa, "Abin da ya faɗa gaskiya ne?"

Tambayar da muka yi wata guda muna bita. Kuma amsa ɗaya ce a kansa. Dattijon nan, gumi na bin tsagen fuskarsa cikin sanyin nan, ya ce:

"E, gaskiya ne."

Na ji alƙalamin mai tabarau ya fara tafiya.

Aka ce ya gabatar da ni. Ya faɗi sunana. Ya ce direba ne. Shi ke nan. Jimla takwas ɗin da ko cikin barci yake karantawa suka tashi kamar tsuntsaye. Ya tsaya, ya tsaya, ya sake cewa direba ne. Ni ina gefe ina raɗa masa ta uku, bai ko kalle ni ba. Daga ƙarshe ya ce wa Malam na gode, ya koma ya zauna, ya cire hular ya ɗora a gwiwa.

Bayan an tashi mai tabarau ya kira mu ɗaya bayan ɗaya. Wa ke riƙe da fasfonsa? Ni na sayar masa da biza? Ina taɓa albashinsa? Na yi bayani da Larabci, na yi da Turanci, na yi da Sifaniyanci, na yi da hannu da ƙafa. Na ce al'ada ce, kakanni ne suka bar mana, shi ma haka yake ce mini, a ƙasarmu wanda ka fi so shi kake yi wa haka. Mutumin ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Idan wasa ne, me ya sa bai yi dariya ba?"

Sun bincika sun ga ba komai. Amma kamfani ba ya son ƙura, ko ta ƙarya ce, kuma jarrabawa dai ba a ci ba. Malam, Allah ya saka masa, ya ce Babarbare ya dawo Asabar mai zuwa ya sake, da wani abokin. Maigidana ma ya sa baki. Babarbare ya ce ba zai koma ba. Na same shi a bakin katifa na ce, "Don girman Allah ka je, ni ko ƙofar ginin ba zan taka ba." Ya ce, "Ka ga yadda suka kalle ni da za mu fito? Bamisiren nan har dafa ni ya yi yana ce mini in yi haƙuri. Yaron nan sa'an ɗana ya riƙe mini ƙofa kamar gawa za a fitar. Da dariya suka yi mini da na koma." Aka ba ɗaya daga cikin 'yan Filifin sito. Ni kuma aka ba ni takardar shaida mai zanen zinariya, wai na fi kowa iya magana.

A gida ba wanda ya yi mini faɗa, kuma shi ne ya fi ciwo. Babarbare bai daina gaishe ni ba. Abin da ya daina shi ne ce mini Ɗan Fulani. Sunana a bakinsa ya koma Malam. "Malam, sannu da zuwa." "Malam, ga shayi." Wallahi da ya ɗauki rodi ya maka mini da ya fi mini sauƙi. Na gwada tsokanarsa sau ɗaya ko zai rama mu koma daidai, na ce hularsa ta yi kama da murfin tukunya. Ya ce, "Haka ne, Malam." Ban sake ba.

Wata biyu bayan nan iƙamarsa ta ƙare, aka buga masa fita ba dawowa. Da safen da zai tafi na gan shi yana naɗe kwalaben turaren tsaraba da takardun simintin nan, kada su fashe a hanya. Karatun wata shida, da wasalinsa da komai. Na ɗauke kai kamar ban gani ba.

Yanzu da furfura ta fara yi mini sallama na gane abin da ban gane ba a lokacin. Wasan nan namu kokawa ce ta mutum biyu, kuma daɗinta shi ne kowa hannunsa a sake yake. Ranar da ɗaya hannunsa ke ɗaure, sunanta duka, ko da kana dariya kake yi. Kuma ba kowane ɗaki ake shiga da wasan gida ba. Takardar shaidar nan tana ƙasan akwatina har yau, ban taɓa nuna wa kowa ba. Sifaniyancin ma ya zube, saura 'yan kalmomi. Amma jimla ta goma da bai samu ya faɗa ba, ita ta ƙi zubewa.

Ni na kai shi filin jirgi da motar maigida. Da na sauke masa jaka na riƙe hannunsa da hannu biyu na ce, "Baba, ka yafe mini. Wallahi tallahi wasa nake yi."

Ya kalle ni. Sai na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa, irin motsin da na shekara shida ina tsoro, wanda kuma na yi wata biyu ina roƙon Allah ya dawo da shi. Ya zare hannunsa ya nuna jakar da haɓa.

"Na san wasa ne, Ɗan Fulani. Shekara shida ina kayar da kai da Hausa, shi ne ka jira sai da aka kai ni inda ba ni da baki sannan ka rama. Ɗauki jakar mu je, jarumi."